Ashirin Da Ashirin: Ta'aziyyar Bawana Mai Injin Niƙa

Daga Allah muke, wurinSa muka nufa, sai dai wani ya riga wani. Bawana ya riga ni. Dama ya saba. Ya riga ni zuwa duniya, ya riga ni aure, ya riga ni furfura, kuma tun muna yara bai taɓa bari na riga shi sa hannu ga akushi ba. Wanga karon ne kaɗai na so a ce ya dakata mani.

Kada mai karatu ya zaro ido, ba bawan saye ba ne. Taubashina ne. Uwarsa yayar ubana ce, shi ɗan mace, ni ɗan namiji, to ga al'adarmu shi ne bawa, ni ne ubangida, ko da yake ya girme ni girman da har ya ɗauke ni bisa kafaɗa zuwa kallon kokawa. Ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Bawa, bai taɓa kirana da wani ba sai Ubangida, in ban da rana ɗaya da za ni zo kanta.

Ranar da anka kai shi makwancinsa, unguwarmu nan Sabon Birni ta ji ƙarar da ta daɗe ba ta ji ba: lugude. Injin niƙa ɗaya ne ga unguwar, mai shi kuwa shi ne cikin likkafani, ga shi ana son gumbar sadaka. Sai mata sunka jawo turamen da sunka kife bayan ɗaki, sunka kakkaɓe, sunka kama daka. Ina zaure ina karɓar gaisuwa, ina jiyo wata tsohuwa 'yar wajen Gatawa daga cikin gida, tana daka tana yi wa mamaci faɗa.

"Kai wanga bawan Allah, ka iya mugunta! Ka raba mu da taɓarya har hannuwanmu sunka yi laushi kamar na amare, yau ka maishe mu gare ta, kuma gumbarka muka daka!"

Mata sunka fashe da dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta juye ta zama wani abu.

Liman ya ce mamaci mutum ne mai haƙuri. Na yi tari. Ya ce mutum ne mai saurin karɓar shawara. Nan tarin ya sarƙe ni har sai da anka miƙo mani buta.

Akwai wani Bafillace, tsohon abokinsa na wajen Turba, da ya biyo hanyar da ba kowa ke yarda ya bi ta ba yanzu. Ya aje sanda, ya yi addu'a, ya zauna har rana ta karkata. Da zai tashi ya girgiza kai ya ce, "Ya san shanu. Walle ya san shanu. Inji na bai sani ba." Duk zauren munka san abin da yake nufi, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi cikin rawani.

Mutum ɗaya ce ban ga hawayenta ba, babbar ɗiyarsa. Ita ce mutanen daji sunka kashe wa miji, ta dawo gidan uba da marayu. Tana zaune bakin ƙofar ɗaki, idonta na kan wani tulin abu da anka rufe da tamfol gefen rumfar inji. Ƙannen mijinta kuwa, da sunka zo gaisuwa daga Unguwar Lalle, idonsu na kan yaran. Ba mugaye ba ne. Sun faɗi tasu tun tsoho na da rai: ran da ya kwanta dama, in babu abin ciyar da yara, za su raba su, wanga ya ɗauki ɗaya, wancan ya ɗauki ɗaya, uwar ta san inda ta nufa. Abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin nan shi zai yanke, a raba ko a bari. Janareta ne, kuma ba a taɓa tada shi ba.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Bokona aji huɗu ne, ga na biyar malam ya ba ubana shawara cewa ƙasa ta fi buƙatata ga noma. Amma da ɗan wanga bokon za ni rubuta, don kada jikokinsa su tashi su ji an ce kakansu shi ne tsohon nan da ya sai da shanu ya sayo hayaƙi, su zaci iyakar labarin ke nan.

Bawana manomi ne ga wani ƙauye kusa da Gatawa, kuma mai shanun huɗa. Yana da magana ɗaya da ya mai da ita ma'auni: "Karkiya ba ta son babba da ƙarami. In ɗaya ya hi ɗaya, huɗa ta karkace." Da ita yake auna 'yan kokawa, da ita yake auna abota, da ita ya hana ni auren wata doguwa 'yar Isa, wai ta fi ni tsawo. Har yau ban yafe wannan ba, kuma na faɗa masa.

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, ya fito da matarsa da ɗiyarsa da marayu da shanunsa biyu, ja da fari, ya sauka kusa da ni cikin gari. Anka ce ana rabon tallafi. Ya je sau ɗaya, ya dawo hannu wofi.

"Ubangida, ban iyawa. Ni da ka cika rumbu har in rasa inda za ni taka, in tsaya bisa layi wani shi auna man tsaba da gwangwani?"

"To, ci girman kai, Bawa. An ce shina da ƙoshi."

Shi hankalinsa na wani wuri. Yana kallon mata ne. Garin ya cika da 'yan gudun hijira, kowace mace da ƙwarya bisa kai tana ƙetare gari neman inda za a niƙa mata. Sai ya ji labarin wani babban injin niƙa can Isa, da ke aje tun da wayoyin wuta sunka daina kawo komi. Ba irin ƙananan nan da ake murɗa wa hannu ba ne. Wani ƙaton ƙarfe ne ke juya shi, ana ce masa moto, ba ta hawa ba: shi wutar lantarki yake ci, ya juya bel, bel ya juya inji. Tunda wuta babu, sai a nemo janareta mai shan gas ya ba shi.

Ran da ya kai shanun kasuwa bai bari na bi shi ba. Ya dawo da igiyarsu naɗe ga hannu, ya rataye ta cikin zaure, bai ci tuwo ba. Ko ni da bakina ba ya rufuwa, ranar na rufe shi.

Munka tafi Isa. Ga jikin moto akwai wani ɗan allon ƙarfe mai rubutu.

"Ubangida, kai anka ɓata ma lokaci ga boko. Karanta."

Na goge da bakin riga, na gyara murya, na karanta: ƙarfin doki ashirin. Munka wuce shagon mai janareta. Bawana ya ce in bi su ɗaya-ɗaya ina karantawa. Wanga goma. Wanga sha biyar. Wanga ashirin.

"Tsaya nan."

Mai shago ya sosa ƙeya. "Baba, moton nan da kuka hwaɗi, da kun ɗauki babba. Ko ku kira makanike shi duba."

"Yaro, na san ka. Babba kaka son saidawa. Ni na haɗa karkiya tun ba a yi ma ubanka kaciya ba. Ashirin da ashirin, huɗa ta miƙe."

Ni dai lamba anka ce in karanta, na kuwa karanta ta daidai. Duk wanda ya ce da hannuna cikin abin da ya biyo baya, mu haɗu gaban alƙali.

Ran da za a tada inji unguwa duka ta zo. An raba goro. Bawana ya sa farar riga, abin da mai niƙa ba ya yi sau biyu. Janareta ya tashi lafiya lau, yana kuka mai daɗi, ƙwan fitilar da anka rataya ya kama fes. Bawana ya yi bisimilla, ya ɗaga makunni. Moto ya yi wani nishi irin na saniya mai naƙuda, ya motsa kamar rabin juyi. Fitila ta yi ja. Janareta ya yi tari, ya amayo baƙin hayaƙi bisa farar riga, ya mutu.

Anka sake. Anka kuma sakewa. Mutane sunka fara tuna suna da wurin zuwa. Wani maƙwabci ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi," kamar ya zo dubiya. Matarsa ta ja mayafi ta shige gida.

Sai da ta kai ga haka sannan anka kira makanike daga Isa, wani magidanci mai sanyin magana. Ya duba allon moto, ya duba na janareta, ya zauna bisa dutse.

"Baba, ashirin ɗin ga biyu ba da mudu ɗaya anka auna su ba, amma bar wannan. In tambaye ka. Amalanke cike da taki, tana tsaye cikin rairayi. Yaushe shanu ka shan wuya, ga tashi ko ga tahiya?"

"Ga tashi mana. In ta mirgina ko maraƙi na ja."

"To, haka moto yake. Ga tashi shina zuƙar wuta ninki biyar ko shida na abin da yaka ci in ya kama gudu. Ɗan lokaci na, amma in janareta bai iya ba shi a lokacin, wuta ta hwaɗi, moto shi kasa juyawa, shi ƙara zuƙa, wanga kuma shi shaƙe. Janareta ba abokin karkiya na ba, Baba. Maigida na, moto baƙo nai. In za ka sauki baƙo irin wanga, rumbunka shi ninka cikin baƙon kamar sau ukku."

Bawana ya dubi moto, ya dubi janareta. Can ya ce, "Ashe ba shanu biyu na sayo ba. Sa ɗaya na sayo, da ciyawar da ba ta isa tai."

Mai shago ya yarda a musanya, in za a ƙara masa abin da babu. Shanu sun tafi, gona ba ta shiguwa. Nan ne makanike ya ba da wata dabara, ya kuma ja kunne cewa dabara ce, ba magani ba. A sassauta bel don moto ya tashi babu kaya. A naɗa igiya ga fulin moto, wato ƙafar ƙarfen nan da bel ke hawa, mutum ya fizga da ƙarfi har ya kama juyawa, igiya ta zare ta faɗi gefe, wani kuma ya ɗaga makunni daidai lokacin. In ya kama gudu, sai a matse bel sannu-sannu, a riƙa ba inji hatsi kaɗan-kaɗan kamar ana ba majinyaci kunu.

Bawana ya shiga zaure ya sauko da igiyar shanu.

Haka munka yi shekaru. Kowace safiya bayan an sha koko, shi ya ja, ni in ɗaga makunni. In na makara da ƙiftawar ido, janareta ya shaƙe, ni kuma in sha zagi.

"Ubangida, kwana kaka yi? Wanga makunni ba alƙalami na ba, ba a tunani kahin a taɓa shi!"

"Kai dai ja, ragon bawa. Da kasuwa za ni kai ka, ko kuɗin mota ba ka maidawa."

Mata na layi suna dariya, wasu ma don wannan suke sammako.

Yana da halaye. Yakan karkata kai ya saurari inji, daga kukansa yake gane an cika masa baki, ya daka tsawa tun bai waiwaya ba: "Ke mai jan zane, rage! Ba rijiya ta ba!" Yakan ɗora tafi bisa moto yadda ake dafa tozon sa, in ya ji zafi ya kashe komi ya ce a bari ya sha iska, ko layi ya kai bakin titi. Wani lokaci in ya manta akwai mutane, sai ka ji yana yi masa irin kiran da yake yi wa ja da fari. Gemunsa kullum fari da gari, har ba wanda ya san ranar da furfura ta gama cinye shi. Kuma abu biyu bai taɓa karɓar ladansu ba, gumbar mamaci da garin kunun maijego. Yakan ce, "Mai zuwa da mai tahiya ba su biyan niƙa." Na ce masa da wanga tsari sai mu talauce, don garin nan ba abin da ake yi sai zuwa da tafiya. Ya ce ubangidan da ba ya da ko akuya ba ya tsoron talauci.

Da injin nan mai ciwon asma ya ciyar da gida. Marayu sunka yi ƙiba, sunka shiga makaranta. Ƙannen ubansu sunka zo sunka gani, sunka koma.

Sai ƙafafunsa sunka fara kumbura. Numfashi ya gajarce. Wata safiya ya miƙo mani igiya, ya ce wai yana son ya ga ko ubangida na da ƙashi. Munka yi musaya, ni ja, shi makunni. Ubangida na ja wa bawa igiya, duniya ta ƙare. Da tafiya ta yi tafiya, ƙarfina ni ma ya kasa, sai munka koma ja mu biyu, ɗiyarsa na ɗaga makunni. Tsofaffi biyu, igiya ɗaya, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ba ya ja.

Ran nan munka fizga, sai na ji igiya ta yi nauyi. Na waiwaya, yana zaune ƙasa, bakinsa buɗe yana neman iska. Ɗiyar da uwarta sunka kama igiyar, sunka ja iyakar ƙarfinsu. Moto bai kai gudun da ake so ba, janareta ya shaƙe. Ranar ba a yi niƙa ba. Yana jingine da ginshiƙin rumfa yana kallon mata na ɗaukar ƙorensu suna tafiya.

"Ubangida."

"Na'am."

"In na mutu, ka mutu, wa ka ja?"

"Yi taka kai kaɗai. Ni ban shirya ba."

Bai yi dariya ba. Maƙwabta za su ja yau, su ja gobe, jibi kowa na da nasa. Ya san haka, na san haka. Injin da sai da ƙarfin namiji yake tashi ba gadon da za a bar wa mace da marayu ba ne.

Nan ne munka yi faɗan da ban taɓa yin irinsa da shi ba. Yana da gonar fadama can ƙauye, rabon uwarsa daga kakanmu, iyaka ɗaya da ta ubana. Akwai tsamiya tsakaninsu inda kakanmu ke shimfiɗa buzu. Wani ɗan kasuwa ga Isa, da ya rufe sana'ar ƙanƙara, yana da manyan janareta aje, yana kuma da mutane da ke iya lallaɓawa su noma wajen. Bawana ya shirya musaya da shi, gona da ƙarfe. Sai da magana ta nuna na ji.

"Ƙasar kakanmu za ka ba da don ƙarhe?"

"Ƙasa na ciyar da wanda ka iya zuwa gare ta. Yaushe rabonka da tsamiyar nan?"

"Lahiya za ta dawo."

"Ta dawo ta iske an raba yara."

Na ce, "Halin ɗan mace ke nan. Dukiyar gidan kawu ba ta yi mai zahi."

Na sha faɗa masa abin da ya fi wannan muni, cikin wasa. Wannan ba cikin wasa ta fito ba, kuma ya ji. Ya dube ni, ya kira ni da sunana na yanka. Ya ce, "In ka gama, ga igiya can."

Munka ci gaba da ja kowace safiya, babu mai ce wa wani kanzil. Unguwa ta shiga damuwa, don in taubasai sunka daina zagin juna, to abin ya yi tsanani. Har liman ya aiko. Ni kuwa har gobe ina nan kan bakana cewa gona gona ce, kuma in na rufe ido ina ganin tsamiyar nan. Sai dai ni ba ni da marayu cikin gida.

Abin da liman ya kasa, mazagin wando ya yi. Wata safiya na taƙarƙare na fizga, mazagi ya tsinke, gaban layin mata. Na saki igiya na cafe abin da ya fi igiya muhimmanci. Bawana ya yi dariya har tari ya kama shi, hawaye na bin garin gemunsa.

"Ubangida, ruhwa ma bawanka asiri! Wa za shi saye ni in anka ga haka gidanmu yake?"

Shi ke nan faɗa ya mutu.

Da munka koma Isa zaɓen janareta, sai bawana ya tsallaka ɗaya gefen, ya koma son babba. Ɗan kasuwa na da biyu, ɗaya sittin, ɗaya kuwa ƙato kamar ɗakin amarya. Bawana ya nuna ƙaton. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Makanike ya ce, "A'a, Baba. Wancan kuma ya yi yawa. Ba a ɗauko raƙumi don mudu ɗaya. Gas za shi sha muku har ku tsiyace, kuma injin gas in bai samu kayan da ya kai mai ba, sai shi dinga dalalar baƙin mai ta bututun hayaƙi, shi lalace da zaman banza. Sittin ta ishe moton ga tashi, ta kuma sami abin yi in ya kama gudu."

Bawana ya ce in karanta allon. Na karanta, sittin. Ya ce makanike ya sake karantawa.

"Ba don komi ba. Karatun ubangidana ya taɓa ci man shanu biyu."

Makanike ya kuma ce zai haɗa wani akwati mai tada moto hawa biyu, da sauƙi tukuna sannan da ƙarfi, don ya rage zuƙar farko. Akwatin na da maɓalli kore, ko mace mai goyo ta danna da yatsa ɗaya. Nan na ga idon bawana ya yi haske. Ya sa anka maimaita masa maganar yatsa ɗayan nan.

Anka kawo janareta bisa babbar mota, maza sunka taru da ƙyar anka sauke shi. Saura dakalin siminti da zai zauna bisa, don nauyinsa da girgizarsa. Anka zuba siminti. Makanike ya ce a bari ya bushe sosai, in ba haka ba ya tsage. Kowa ya ce a ɗora shi bisa katako a gwada mana, ko don tsoho ya ji kukansa. Ni ma na ce. Ɗiyarsa ta roƙe shi har da durƙusawa.

"Na yi gaggawa sau guda," in ji shi. "Ta ishe ni."

Lokacin ba ya iya tafiya. Kowace safiya sai a ɗauko shi bisa kujera a aje shi bakin dakali, ya karɓi buta yana yayyafa wa siminti ruwa da hannunsa kamar mai renon dashe, ya danna farce ya ji, ya ce da saura. Ina kallon simintin, ina kallon ƙafafunsa, ina jin tsoron wanda zai riga wani.

Ran ƙarshe na iske shi kwance bayan la'asar. Ya yafuto ni.

"Ubangida, in anka zo tada shi, kada ka taɓa komi. Ita za ta danna."

"Ni mi za ni yi?"

"Abin da ka iya. Surutu."

Na buɗe baki in rama, sai na ga leɓensa na motsi da kalmar shahada. Ban rama ba. Wannan ce kaɗai ya ci ni ban rama ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa wahalar da ya sha don marayu ta tarbe shi. Wanda ya karanta wannan, ya taimaka masa da addu'a, ni na sani yana buƙata, don na san shi.

Bayan sadakar bakwai baƙi sunka watse, sai ƙannen mijin ɗiyar. Babbansu ya ce ba su son su yi zalunci, ba su kuma son su bar jininsu ga yunwa, za su jira su gani da idonsu. Gona ta tafi, shanu sun tafi, ƙaramin janareta an ba da shi cikin musaya. In wanga bai tada moto ba, babu wani abu bayansa.

Siminti ya bushe. Makanike ya zo, anka ɗora, anka ɗaure, anka haɗa wayoyi. Ba a gayyaci kowa ba, amma unguwa ta cika rumfa. Matarsa na cikin takaba, ba ta fito ba, sai dai na ga inuwarta jikin zana. Janareta ya tashi da wata murya mai kauri da ake ji cikin ƙirji. Na matsa don in sassauta bel yadda munka saba, makanike ya riƙe mani hannu. "Bar shi, Baba."

Ɗiyar ta gyara ɗaurin zane. Ta yi bisimilla, ta danna.

Moto ya ɗauka a hankali, da bel da inji da komi. Akwati ya yi ƙas. Janareta ya ɗan yi gyaran murya, ya huro hayaƙi kaɗan, ya ci gaba da abinsa kamar ƙuda ne ya sauka masa. Rumfa ta cika da ƙara. Ta ɗauki ƙwaryar dawar tuwonsu, ta dube ni, ta juye ta duka lokaci ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba ga rumfar nan. Inji ya haɗiye, gari ya zubo.

Babban ƙanen mijinta ya miƙe ya faɗi wata magana, ba a ji ba. Ya matso ya ɗaga murya, ba a ji ba. Sai da ya kai baki ga kunnena ya yi ihu: "Yara su zauna ga uwarsu!"

Na gyaɗa kai. Na juya na fuskanci bango. Tsoho da jikoki, ina kuka da murya kamar an yaye ni. Allah ya taimake ni da ƙarar sittin, ko na kusa da ni bai ji ba.

Sai ga ɗiyar ta dafa ni, hannunta na kan makunni za ta kashe, dawa ta ƙare.

"Baba! Taɓa ka ji! Ya yi laushi?"

Na sa hannu cikin garin. Da ɗuminsa, laushi kamar kwalli, ubanta bai taɓa niƙa irinsa ba.

Na ce, "Da sauran tsaki! Mai da shi, ki sake!"

Ta mai da shi. Ban so ta kashe injin a ji ni ba.